Shin Ko Kun San? Inda Masu Neman Bizar Ƙwararru Ke Tuntuɓe Tun Kafin a Kai ga Biza

Shin ko kun san cewa injiniyan da ya gina gada, har manyan motoci suna bi ta kanta, zai iya faɗuwa a tantancewar ƙwarewa ta ƙasar Ostireliya, wani da bai kai shi iya aiki ba kuma ya haye? Mai tantancewar ba ya zuwa ganin gada. Yana can zaune a ofis, kwamfuta a gabansa, abin da ke cikin fayil ɗinka shi ne kai. Duk aikin da ka yi wanda babu takarda a kansa, a wajensa ba a yi shi ba.

Shin ko kun san cewa mai ba da biza daban, mai tantance ƙwarewa daban? Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta Ostireliya ce ke ba da biza, amma ba ta duba ko ka iya aikinka. Ta danƙa wannan ga hukumomin sana'o'i, kowace sana'a da tata. Masu aikin kwamfuta ACS ke duba su. Injiniyoyi na Engineers Australia ne. Nas-nas da ungozoma na ANMAC, malaman makaranta na AITSL, masu sana'ar hannu irin su makanikai da masu haɗa wutar lantarki na TRA. Akantoci suna da zaɓi tsakanin hukumomi uku: CPA Australia da CA ANZ da IPA. Sana'o'i barkatai da ba su da uwa ta musamman, ɗaruruwa ne, VETASSESS ce ke riƙe da su. Wanda ya kai takardunsa ga hukumar da ba ita aka ɗora wa sana'arsa ba, ya yi asarar kuɗi da watanni, domin ma'aikatar ba za ta kalli sakamakon ba ko da ya yi kyau.

Bizar da ake wannan wahala dominta uku ce a galibi: mai lamba 189, wadda ba ta buƙatar kowa ya tsaya maka, mai lamba 190, wadda wata jiha ke zaɓen ka, sai mai lamba 491, ta zaman shekara biyar a yankunan da ba manyan birane ba, wadda ta maye gurbin 489 a Nuwamban 2019.

Shin ko kun san cewa sunan muƙaminka bai dame su ba? A nan gida muna son muƙami. Mutum ɗaya ne manaja, shi ne akanta, shi ne mai gyaran janareta, katinsa kuma an rubuta “Babban Jami'in Gudanarwa”. Can kuwa akwai kundin sana'o'i da ake kira ANZSCO, wanda Ostireliya da Niyu Zilan suka fitar tare a 2006. Kowace sana'a tana da lamba mai alƙaluma shida da jerin ayyukan da mai ita ke yi. Injiniyan gine-gine da hanyoyi 233211 ne, injiniyan manhaja 261313, akanta 221111, makaniken mota 321211. Ayyukan da aka lissafa a wasiƙar wurin aikinka su ake ɗorawa kan wannan jeri a ga ko sun hau. Idan wasiƙar ta ce kai injiniyan manhaja ne, ayyukan kuma suka nuna saka wa mutane Windows da gyaran firinta kake yi, an gama magana.

A nan ne kuskure mafi tsada yake, a ganina: zaɓen lamba saboda ita ce ake nema, ba don ita ce aikin mutum ba. Dubi kuku da shugaban kicin. Mu duk mai girki ne. A kundin kuwa shugaban kicin, mai tsara jerin abinci da ƙiyasta kuɗin cefane da kula da ma'aikata, lambarsa 351311. Kuku mai dafawa 351411. Shekaru da dama lambar farko tana cikin jerin sana'o'in da ake buƙata na dogon zango, ta biyu tana cikin na gajeren zango, don haka kowane kuku sai ya so ya zama shugaban kicin a takarda. Masu tantancewa sun riga kowa sanin haka.

Kuma kada wani ya ce to bari in kwafe jerin ayyukan daga kundin, kalma da kalma, in kai wa oga ya sa hannu. Sun haddace kundin. Wasiƙar da ta zo da lafazinsa sak tana jawo zargi ne.

Shin ko kun san cewa ana zaftare shekarun aiki? Wannan shi ne ramin da ya fi cin mutane, don haka bari mu ɗan zauna a kansa. ACS ba ta ɗaukar ranar da ka fara aiki a matsayin ranar da ka zama ƙwararre. Tana cire wasu shekaru na farko, ta ce waɗannan na koyon aiki ne. Mai digirin kwamfuta da ya dace da sana'ar da ya zaɓa, shekara biyu ake cire masa. Idan digirin na kwamfuta ne amma bai dace da sana'ar ba, huɗu. Wanda digirinsa ba na kwamfuta ba ne sam, a ce ya karanta kimiyyar siyasa ya koyi rubuta manhaja da kansa, shida, kuma sai ya rubuta rahoton ayyuka biyu da ya yi. A wasiƙar sakamako za a rubuta ranar da aikinka ya fara ƙirguwa. VETASSESS ma tana da irin wannan rana.

Ga yadda abin ke kayar da mutum. A ce ga wani ɗan shekara 30, mai digirin kwamfuta, da shekara shida yana aiki, ya ci 7 a kowane sashe na jarrabawar Turanci ta IELTS. Ya zauna ya yi lissafin makin da ake ba da bizar a kansa: shekarun haihuwa maki 30, digiri 15, Turanci 10, aikin shekara biyar zuwa bakwai a wajen Ostireliya 10. Jimla 65, daidai mafi ƙarancin makin da ake karɓa tun 1 ga Yulin 2018, lokacin da aka ɗaga shi daga 60. Murna ta kama shi. Amma bayan an cire shekara biyu saura huɗu, kuma aikin shekara uku zuwa huɗu maki 5 ne kacal. Makinsa na gaskiya 60. Idan ya rubuta 65 a fom ɗin nuna sha'awa, aka gayyace shi ya nemi biza, ya biya kuɗin biza, jami'in da zai duba fayil ɗin zai sake lissafi ya ga bai kai abin da ya yi iƙirari ba. Za a hana shi, kuɗin kuma ba sa dawowa, kuɗin da dubban dalolin Ostireliya ne. Bai yi ƙarya da gangan ba, wasiƙarsa ce bai karanta zuwa ƙarshe ba.

Af, 65 ɗin ma ƙofar shiga layi ce kawai. A sana'o'in da aka yi wa yawa, irin su akanta da aikin kwamfuta, makin da ake gayyata da shi ya kan haura haka nesa ba kusa ba.

Shin ko kun san cewa aikin da bai kai awa 20 a mako ba, ko wanda ba a biya albashi a kansa ba, ba ya ƙirguwa? Taimakon da ka yi a kamfanin kawu kyauta, Allah ya ba da lada.

Haka kuma shekara goma ta baya kawai ake dubawa wajen ba da makin aiki. Wanda ya yi shekara takwas yana injiniya daga 2005, sannan ya koma kasuwanci, zai tarar duk shekarun nan sun zube.

Shin ko kun san cewa aikin da aka yi kafin kammala karatu galibi ba ya shiga lissafi? Watannin koyon aiki na SIWES da ɗaliban Najeriya ke yi suna cikin karatu ne, ba a cikin aiki ba. Bautar ƙasa kuwa, wadda aka kafa a 1973, ta danganta da inda aka jefa mutum. Injiniyan da NYSC ta tura koyar da lissafi a sakandare ya bauta wa ƙasa, amma bai yi aikin injiniya ba, kuma saka shekarar cikin lissafi neman rigima ne.

Shin ko kun san cewa wasiƙar “wannan ma'aikacinmu ne, mai ladabi da ƙwazo” ba ta da amfani ko na sisi? Irin wasiƙar da ofisoshinmu suka saba bayarwa ke nan, layi uku da addu'ar fatan alheri. Abin da ake so a gani: takarda mai tambarin wurin aiki da adireshi da lambar waya, ranar farawa da ranar bari cikakku, da rana da wata da shekara, awa nawa a mako, ƙasar da aka yi aikin, ayyukan da mutum ke yi dalla-dalla, sannan suna da muƙami da sa hannun wanda ya rubuta, da ranar da ya rubuta. Idan an yi maka ƙarin girma, kowane muƙami da nasa kwanakin da nasa ayyukan. Wasiƙar da ba ta da kwanan wata an sha mayar da ita.

Kuma suna bincikawa. Su kan buga waya, su kan aika imel. Idan lambar da ke kan takardar ta daina aiki, ko wanda ya ɗauka ya ce bai san mai wannan suna ba, ko kuma babban kamfani ne amma adireshin imel ɗin na Gmail ne na wani mutum, fayil ya shiga uku. Kafin a miƙa takardu, kyautuwa ya yi a je a gai da tsohon oga, a shaida masa za a iya kiran sa daga Ostireliya, don kada ya ga baƙuwar lamba ya zaci 'yan damfara ne ya kashe.

Shin ko kun san cewa albashin hannu babbar matsala ce? Wasiƙa kaɗai ba ta isa, sai an ga sawun kuɗi: takardun albashi na wata-wata, bayanan banki da ke nuna sunan wurin aiki a matsayin mai turo kuɗin, shaidar biyan haraji, ko bayanan asusun fansho. ACS na neman iri biyu daban-daban. Wanda ake miƙa wa albashinsa a ambulan ƙarshen wata, ko oga ke tura masa daga asusunsa na kansa, zai sha wuya wajen tabbatar da cewa ya yi aikin. A nan tsarin fansho na karo-karo da Najeriya ta fara da dokar 2004 ya yi wa mutane rana ba tare da sun sani ba: bayanan asusun suna nuna sunan wurin aiki da watan da aka zuba kuɗi, kuma daga wani kamfani na daban suke fitowa, ba daga hannun oga ba. Irin wannan shaida ta ɗan ba-ruwana ita masu tantancewa suka fi yarda da ita.

Mai zaman kansa nasa nauyin ya fi: rajistar kasuwanci, rasitai, kwangiloli, wasiƙun waɗanda ya yi wa aiki, takardun haraji. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ke da niyya ko da nan da shekara biyar ne, yau ya kamata ya buɗe jaka ya fara tara takardun albashi, tun kamfanin yana raye, tun ana ga-maciji da oga. Kamfanoni na rufewa, ogogi na rasuwa, wasu kuma a rabu baram-baram.

Shin ko kun san cewa injiniyoyi insha'i ake sa su rubutawa? Wanda digirinsa bai fito daga kwas ɗin da yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta amince da shi ba, sai ya bi hanyar da ake kira CDR. Zai rubuta labari uku na ayyukan injiniya da ya yi, kowanne kalma 1,000 zuwa 2,500, kowane sakin layi da lambarsa. Sannan ya cike wani jadawali da ke nuna a wane sakin layi ya nuna wace ƙwarewa, ya haɗa da jerin kwasa-kwasai da tarukan ƙara wa juna sani da ya halarta.

Abin da ke kayar da mutanenmu a nan wani hali ne mai kyau: kunya. An tarbiyyantar da mu kada mu ce “ni”. Sai mu ce mun auna, mun zana, mun gyara, ko ma a ce an yi. Engineers Australia kuwa so take ta ji abin da kai ɗin ka yi da hannunka da kanka: na lissafa nauyin da ginshiƙin zai ɗauka, na ga ƙasar wurin ba za ta riƙe ba, na sauya zanen tushe, ga dalilina. Labarin da ya cika da tarihin kamfani da girman kwangila, mai shi kuma ya ɓace a cikin “mu”, ba ya nuna komai. Wani lokaci ma ba faɗuwa ake yi ba, rage daraja ake yi: mutum ya nemi a amince da shi a matsayin cikakken injiniya, a ba shi matakin ƙasa da haka mai lamba 233914, wanda cunkoso a kansa ya fi yawa.

Mafi muni shi ne saye. Intanet cike take da masu tallar “za mu rubuta maka CDR”. Hukumar tana da manhajar gano kwafe, tana kuma da rumbun rahotannin da aka taɓa kawo mata. Mai sayarwa ya sayar wa mutum hamsin labarin tiransifoma ɗaya, sunan gari kawai yake sauyawa. Wanda aka kama, a ƙi fayil ɗinsa, a hana shi sake nema na shekara guda ko fiye, kuma ana iya kai sunansa ma'aikatar da ke ba da biza.

Shin ko kun san cewa yarjejeniyar da ake magana kan digirin injiniya, ta Washinton, an ƙulla ta ne a 1989? Akwai ƙannenta biyu, ta Sidni a 2001 da ta Dabilin a 2002, na matakan da ke ƙasa da cikakken injiniya. Afirka ta Kudu ta zama cikakkiyar mamba a ta Washinton a 1999, Indiya a 2014, Pakistan a 2017. COREN, hukumar injiniyoyi ta Najeriya, ta sami kujerar wucin gadi a 2023. Kujerar wucin gadi ba ta sa a amince da digiri kai tsaye, kuma ko ƙasa ta zama cikakkiyar mamba, ana duba takamaiman kwas ɗin da shekarar da mutum ya yi shi. Wanda ya ji labari a sama ya zaɓi hanyar yarjejeniya alhali kwas ɗinsa ba ya ciki, kuɗin fom ya tafi.

Shin ko kun san cewa fasfon Najeriya ko na Gana ba ya kuɓutar da kowa daga jarrabawar Turanci, duk da cewa Turanci ne harshen gwamnati da na makaranta a ƙasashen biyu? Masu fasfon ƙasashe biyar kaɗai aka ɗauke wa matakin farko: Birtaniya, Amurka, Kanada, Niyu Zilan da Jamhuriyar Ayalan. Matakin farkon, wato 6 a kowane sashe na IELTS, ba shi da maki ko ɗaya. 7 a kowane sashe maki 10, 8 a kowane sashe maki 20. Ku lura da “kowane sashe”: wanda ya ci 9 a sauraro da karatu da magana, ya ci 6.5 a rubutu, yana nan a matakin da ba shi da maki.

Kuma IELTS iri biyu ce, ta karatu da ta gama-gari. Ma'aikatar biza na karɓar kowacce, amma hukumar sana'a tana iya cewa sai ta karatu. AITSL na neman malami ya ci 7 a karatu da rubutu, 8 a magana da sauraro, a ta karatun. Kanada kuma a tsarinta na Express Entry ta gama-garin take karɓa, ba ta karɓar ta karatu. Mutum ya biya kuɗi, ya yi tafiya zuwa Abuja ko Legas, ya ci jarrabawa da kyau, a ce ba wannan ake so ba.

Tun da an ambaci malamai: AITSL na so ta ga shekara huɗu ta karatun gaba da sakandare, da aƙalla kwana 45 na koyarwar gwaji ƙarƙashin kulawa. Yawancin takardun sakamako ba sa rubuta adadin kwanakin, maki kawai suke nunawa, don haka sai an koma makarantar an karɓo wasiƙa ta musamman.

Wani ɗan tarihi a gefe. Shin ko kun san cewa jarrabawar harshe ta taɓa zama makamin korar baƙi a Ostireliya? Dokar 1901 ta ba jami'i ikon yi wa mai shigowa shifta ta kalma 50 a duk harshen Turai da ya ga dama. A 1934, da gwamnati ta so hana ɗan jaridar nan Egon Kisch shiga, mutumin da ya iya harsunan Turai da dama, sai aka yi masa shiftar da harshen Gelik na tsaunukan Sikotilan. An soke shiftar a 1958. Ta yau aƙalla ana sanar da mutum harshen tun da wuri.

Shin ko kun san cewa kalmar “digiri” a kan takarda ba ita ke sa ya zama digiri a can ba? Ana auna kowace shaidar karatu da ma'aunin ƙasar, AQF, mai mataki goma: difloma mataki na 5, digirin farko na 7, digiri na biyu na 9, na uku na 10. Digirin farko ko na biyu maki 15, na uku 20, difloma ko shaidar sana'a 10. Mai babbar difloma ta HND kada ya rubuta wa kansa 15 sai ya ga matakin da hukumar ta ajiye shi. Kuma takardar sakamako ta wucin gadi da jami'a ke bayarwa kafin ainihin satifiket ya fito ba kullum take wadatarwa ba. Ana so a ga satifiket da cikakken tiransikirif, mai nuna kowane kwas na kowace shekara, domin da shi ake auna ko kashi nawa na karatun ya shafi sana'ar. Duk wanda ya taɓa neman tiransikirif ya san ba a fara neman sa ana saura mako biyu.

Kanada ma tana da nata awon, ECA, wanda hukumomi irin su WES ke yi. Shi karatu kaɗai yake dubawa, ba ruwansa da aiki, yana shekara biyar kafin ya mutu, kuma WES ba ta karɓar tiransikirif daga hannun ɗalibi, sai makarantar ta aika da kanta. Sakamakon WES ba ya maye gurbin tantancewar Ostireliya.

Shin ko kun san cewa Muhammad da Mohammed da Muhammadu mutum uku ne a idon mai tantancewa? Wannan ciwonmu ne na musamman. Satifiket na sakandare ya ce Abdullahi, digiri ya ce Abdullah, fasfo ya ƙara sunan gari a ƙarshe, banki ya juya sunan uba ya koma farko. Mace ta yi karatu da sunan mahaifinta, ta yi aiki da sunan miji. Babu wanda ya yi nufin yaudara, magatakarda ne kowa ya rubuta yadda kunnensa ya ji. Maganinsa takardar rantsuwa daga kotu da ke tabbatar da cewa duk sunayen na mutum ɗaya ne, da takardar aure ko sanarwar sauya suna inda ya dace, a haɗa tun farko ba sai an tambaya ba. Ranar haihuwa ta fi suna haɗari. Idan WAEC ta ce 1990, fasfo ya ce 1993, saboda an taɓa rage shekaru don neman aiki, to wannan a gyara shi a hukumance kafin a taɓa kowane fom.

Dalilin tsananin shi ne wani sharaɗi da ake kira PIC 4020. Wanda aka samu da takardar bogi ko bayanin ƙarya, ana iya hana shi biza shekara uku. Wanda ya kasa gamsar da su cewa shi ne shi, shekara goma. Hukuncin ya kan shafi iyalin da ke cikin fayil ɗin. Kuma “ejan ne ya saka, ban sani ba” ba ya fitar da mutum. A Kanada hukuncin bayanin ƙarya shekara biyar ne.

Shi ejan ɗin ma a bincike shi. Wakilan shige da fice masu rajista a Ostireliya suna ƙarƙashin ofishin OMARA, kowanne da lamba mai alƙaluma bakwai da ake iya dubawa kyauta a intanet. Doka ba ta tilasta wa kowa ɗaukar ejan ba. Wanda ya ce maka ya san wani a ciki, ko ya ce tabbas-tabbas za ka samu, riƙe aljihunka.

Shin ko kun san cewa takardar da ba da Turanci aka rubuta ta ba sai an haɗa ta da fassara? 'Yan'uwa na Nijar da Chadi da Kamaru masu takardun Faransanci, da waɗanda suka yi karatu a Sudan ko Masar masu takardun Larabci, wannan naku ne. Ana aika asalin da fassarar tare, da suna da adireshi da shaidar ƙwarewar mai fassarar. A cikin Ostireliya masu shaidar NAATI ake amfani da su. Fassarar da mutum ya yi wa kansa ba ta karɓuwa ko da Farfesan Turanci ne.

Hoton takarda kuma mai launi ake so, na asalin takardar, a fili tar. Engineers Australia ta ƙayyade 300 dpi. Hoton waya da inuwar yatsa a gefe, a bar wa WhatsApp.

Shin ko kun san cewa cin tantancewa ba lasisin aiki ba ne? Nas ɗin da ANMAC ta amince da ita ba za ta taɓa majiyyaci ba sai ta yi rajista ta hannun AHPRA. Mai haɗa wutar lantarki sai ya sami lasisin jihar da zai zauna.

Matar aure ko mijin aure ma suna iya kawo maki: 10 idan abokin zama bai kai 45 ba, yana da Turanci matakin farko, kuma shi ma an tantance ƙwarewarsa a sana'ar da ta dace, 5 idan Turancin kawai gare shi. Tun Nuwamban 2019 gwauro ma maki 10 ake ba shi, abin da ban taɓa jin wata al'umma ta yi wa gwauro ba. Dokar ƙasar kuwa abokin zama ɗaya tak ta sani.

Shin ko kun san cewa takardun nan duka mutuwa suke yi, kuma ba rana ɗaya ba? Sakamakon tantancewa shekara uku yake yi daga ranar da aka bayar, sai fa idan hukumar ta rubuta ƙasa da haka, kamar ACS da ta saba ba da wata 24. Sakamakon Turanci shekara uku. Fom ɗin nuna sha'awa da ake cikewa a SkillSelect, tsarin da aka buɗe 1 ga Yulin 2012, shekara biyu yake zama. Idan gayyata ta zo, kwana 60 ne a miƙa takardun biza. Mutum na iya shekara biyu a layi, gayyata ta iso mako guda bayan wasiƙar ACS ta mutu. Idan kuma mutum biyu suka yi kunnen doki a maki, wanda ya riga kaiwa wannan makin shi ake fara kira.

Shekarun haihuwa su ma suna tafiya ana zaune. Daga 25 zuwa 32 maki 30, daga 33 zuwa 39 maki 25, daga 40 zuwa 44 maki 15, ranar cika 45 kuwa ƙofa ta rufe. Kwamfutar SkillSelect da kanta take rage makin, ba ta tambayar kowa. Ɗimbin mutanenmu da aka rubuta wa 1 ga Janairu a takardar shaidar shekaru, don ba a riƙe ainihin ranar ba, su sani a daren sabuwar shekarar da suka cika 33 maki biyar za su zube, ko da a watan Nuwamba aka haife su.